Ra'ayinmu: Igiyar aure daban, izinin aiki daban

Kusan kowane ƙarshen mako, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa unguwannin Yamai, ana ɗaura auren da ango yake wata ƙasa mai nisa. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, waliyyi da wakili su zauna, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, a raba goro da dabino, ango kuma yana birnin Paris yana kallo ta wayar ƙanensa. Kafin a naɗe tabarmi lissafi ya soma: wata nawa ya rage amarya ta tashi, yaushe za ta kama aiki, yaushe iyaye za su fara ganin saƙo. Haka nan idan saurayi ne ya dace da matar da ke da takardun Turai, abokan fada har sun fara kiransa mai kuɗi tun bai ga filin jirgi ba.

Wannan lissafi yana tsallake tambaya guda, wadda kuma ita ce ke raba wanda zai isa ya kama aiki da wanda zai isa ya zauna a ɗaki: wace irin takarda ce za a ba shi, kuma me aka rubuta a kanta game da aiki? Fatiha tana halatta zaman aure. Izinin yin aiki a ƙasar wasu kuwa yana jikin takardar zama, kuma kowace irin takarda da nata hukunci. Mun zaɓi mu yi magana a kan Faransa saboda dokarta a rubuce take dalla-dalla, kuma saboda da yawa daga cikin masu karanta mu can suke, ko can suka sa gaba.

Ƙofar da ka shiga ita ce ke yanke hukunci

Wanda ya auri ɗan ƙasar Faransa ko ƴar ƙasar, abin da ya kamata ya nema shi ne bizar dogon zama wadda ake kira VLS-TS a taƙaice, mai ɗauke da rubutun "vie privée et familiale", wato zaman iyali. Tana aiki tsawon shekara 1, kuma ita kanta takardar zama ce. Mai riƙe da ita ba ya buƙatar wani izinin aiki na daban. Yana iya kama aikin albashi, yana iya buɗe sana'arsa, yana iya rajista a hukumar neman aiki ta France Travail, wadda har ƙarshen 2023 ake kira Pôle emploi. Sharaɗi na farko shi ne ya tabbatar da bizar ta intanet cikin wata 3 da saukarsa. Wanda ya yi sakaci har wa'adin ya wuce, zamansa ya fita daga kan doka, ko da kuwa bizar tana manne a fasfonsa.

Idan kuwa wanda aka aura ɗan Nijar ne mazaunin Faransa da takardar zama, hanyar ita ce ta haɗa iyali, wadda ake nema ta hukumar OFII. A nan nauyin yana kan wanda ke can. Sai ya yi aƙalla wata 18 yana zaune bisa doka, ya nuna kuɗin shiga tsayayye na wata 12 da ya kai kimanin mafi ƙarancin albashi na ƙasar, ya nuna gidan da zai ɗauki iyali, kuma dole matar ko mijin da za a kawo ya cika shekara 18. Hanya ce mai cin lokaci, amma wanda ya shiga ta nan shi ma yana da ƴancin yin aiki.

Sai ƙofa ta uku, wadda ta fi kowace ruɗin mutane: bizar gajeren zama ta Schengen, ta kwana 90. Wannan ta ziyara ce, babu izinin aiki a cikinta ko na yini guda. Haka ma takardar zama mai rubutun "visiteur", wadda mai ita ke sa hannu cewa ba zai yi aiki ba. Mutane da dama suna cewa a dai samu a shiga, sauran sai a gyara a can. Gaskiya ne doka ta bar ƴar kafa ga wanda ya shiga ƙasar bisa ƙa'ida, aka ɗaura aurensa da ɗan ƙasa a cikin Faransa, kuma suka yi wata 6 suna zaune tare a can: yana iya neman takardar zaman iyali ba tare da ya koma gida ba. Amma sai sharuɗɗan uku sun cika gaba ɗaya, kuma a tsawon wannan jira babu aiki, babu albashi. Wanda aka ɗaura aurensa a Nijar ya shiga da bizar ziyara, wannan kafa ba tasa ba ce.

Wannan bambanci bai tsaya ga Faransa kaɗai ba. A Ingila bizar wanda aka yi wa baiko ta wata 6 ce kuma ba a aiki da ita, alhali bizar miji ko mata tana ba da damar aiki. A Amurka mai bizar K-1 dole a ɗaura auren cikin kwana 90, sannan ya nemi katin izinin aiki ya jira, kuma a watan Disamban 2025 gwamnatin ƙasar ta sanya Nijar cikin jerin ƙasashen da ta dakatar da shigar ƴan ƙasarsu. Ko a nan gida, baƙon da zai yi aikin albashi sai hukumar ANPE ta sa hannu a kwantiraginsa. Saboda haka babu wata takarda guda mai suna "bizar aure" da ke buɗe kowace ƙofa, duk wanda ya ce maka akwai, ka tambaye shi sunanta da abin da aka rubuta a kanta.

Auren da ya ɗauru a gida, amma bai ɗauru a takarda ba

Matsala mafi yawa tana farawa ne tun daga ƙofar gidan da aka shimfiɗa tabarmi. A al'adarmu ango ba sai ya halarta ba, wakilinsa ya isa. Dokar farar hula ta Faransa kuwa, a sashe na 146-1, ta ce auren ɗan ƙasarta, ko a waje aka ɗaura shi, sai yana wurin da kansa. Ke nan idan ango ko amarya na da takardar zama ɗan ƙasar Faransa, auren da aka ɗaura yana kallo ta waya ba shi da ƙima a idon hukumomin can. A nan zuwa da kai ya fi aike.

Akwai kuma matakan da ke gaba da ɗaurin auren da waɗanda ke bayansa. Kafin a ɗaura, ɗan ƙasar Faransa yana neman takardar shaidar cewa babu abin da ya hana shi auren, wadda ƙaramin ofishin jakadanci ke bayarwa bayan an kafa sanarwa, kuma ana iya kiran ma'auratan a yi musu tambayoyi. Bayan an ɗaura, sai an shigar da auren cikin kundin rajistar Faransa, abin da suke kira "transcription". Idan ba a yi wannan ba, babu bizar miji ko mata. Wanda ya tsallake matakin farko ya ja wa kansa dogon bincike, kuma idan aka yi shakka, ana miƙa takardun ga mai gabatar da ƙara na birnin Nantes, wanda ke da wata 6 kafin ya yanke shawara.

Duk wannan yana tsaye ne a kan takardun gida. Auren da liman ya ɗaura amma ba a kai shi ma'aikatar magajin gari an yi masa rajista ba, babu takardar da za a nuna. Idan wa'adin rajista ya wuce, sai an bi ta kotu. Takardar haihuwar da aka rage wa shekaru don makaranta, sunan da aka rubuta Mahamadou a fasfo amma Mamane a takardar aure, ranar haihuwar da ta bambanta tsakanin takardu biyu, irin waɗannan abubuwan da muke ɗauka ƙanana su ne ke tsayar da takardun mutum wata da watanni. Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon Janairun 2024, wahalar ta ninku, domin abin da a da ake gyarawa da kuɗin taksi yanzu yana iya zama tafiya zuwa wata ƙasa, da kuɗin mota da na masauki.

Sai maganar mata fiye da ɗaya, wadda ba a son faɗa amma dole a faɗa. Dokar Faransa ba ta ba da takardar zama ga wanda ke zaune da mata fiye da ɗaya a cikin ƙasar, kuma ba a kawo mata ta biyu ta hanyar haɗa iyali. Iyayen da za su ba da ƴarsu ga magidancin da ke da iyali a can su san cewa yarinyar ba ta da hanyar shiga a matsayin matarsa. Ko dai ta zauna a gida tana jiran mijin da ke zuwa sau ɗaya a shekara, ko ta shiga ta wata ƙofa ta zauna babu takarda. Wannan magana ce da ta kamata a yi ta tun ranar tambaya, ba bayan an kai lefe ba.

Takardar da ke rataye a wuyan aure

Ko bayan an samu komai daidai, akwai gaskiyar da masu murna ba sa so a tuna musu. Takardar zaman iyali ta ba ka ƴancin aiki, amma tushenta auren ne, ba aikin ba. Lokacin sabuntawa, wanda ake nema tsakanin wata 4 da wata 2 kafin ta ƙare, ofishin préfecture zai nemi shaidar cewa har yanzu kuna zaune tare. Idan an sabunta, mijin ko matar ɗan ƙasa yana samun kati na shekara 2. Bayan shekara 3 da aure yana iya neman katin shekara 10, bayan shekara 4 kuma yana iya neman zama ɗan ƙasa. Amma idan zaman ya watse kafin nan, ana iya ƙin sabunta takardar ko a janye ta. Ga wanda ya shigo ta hanyar haɗa iyali, wannan barazana tana nan har shekara 3. Takarda ta faɗi, aiki ya bi ta.

A nan ne zalunci ke samun wurin ɓuya. Akwai mazajen da ke karɓe fasfon mata su kulle, su hana su zuwa koyon harshe, su hana su aiki, ko su bar su su yi aikin amma albashin ya faɗa asusun miji. Akwai kuma samarin da matan da suka kawo su ke riƙe da su da kalma guda: in ka yi gardama, in kira hukuma a mayar da kai. Wanda bai san doka ba yana haƙuri da abin da bai kamata a haƙura da shi ba, saboda yana zaton rayuwarsa duka tana hannun mutum guda.

Dokar ba ta ce haka ba. Idan zaman ya watse saboda duka ko cin zarafi a cikin gida, ba a janye takardar wanda aka zalunta, kuma yana da haƙƙin a sabunta masa. Wanda alƙali ya ba umurnin kariya yana da haƙƙin takardar zama. Akwai lambar waya ta ƙasa, 3919, wadda matan da ake cin zarafinsu ke kira kyauta, akwai kuma ƙungiyoyi irin su La Cimade da ke ba baƙi shawarar doka ba tare da karɓar kuɗi ba. Abin da ake buƙata shi ne shaida: takardar likita, ƙarar da aka shigar wurin ƴan sanda, saƙonnin waya. Muna faɗin wannan ne don uwar da ke Tawa, idan ƴarta ta kira ta cikin dare tana kuka, ta san cewa akwai abin da za ta ce mata bayan "ki yi haƙuri".

Masu sayar da aure, da masu ba da aron takarda

Inda duk aka samu matsi, dillalai ba sa rasa abin sayarwa. A Facebook da WhatsApp ana tallar "mata mai takarda" kamar yadda ake tallar fili, a biya rabi yanzu, rabi idan biza ta fito. Ga farashin da ba sa faɗa: auren da aka ƙulla don neman takarda kawai laifi ne a Faransa, hukuncinsa ɗaurin shekara 5 da tarar yuro 15,000, kusan miliyan 10 ke nan na kuɗin sefa. Hukuncin ya haɗa da wanda ya yaudari abokin aurensa, ya nuna so alhali takarda yake nema. Bayan wannan ana soke auren, a janye takardar, a iya hana mutum shiga ƙasar. Saurayin da ya sayar da gonar gado ya biya dillali, ya kuma shafe shekaru yana zaune da wadda za ta iya tona shi a duk ranar da ta ga dama, bai sayi ƴanci ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma aure ya fi ƙarfin a mayar da shi tikitin jirgi.

Ɗaya tarkon shi ne aiki da takardar wani yayin da ake jira. Doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci baƙo ya tura takardarsa ofishin préfecture a tantance, aƙalla kwanakin aiki 2 kafin ya fara. Don kauce wa wannan ne wasu ke aron katin ɗan uwa, albashi ya shiga asusun mai katin, ya cire rabonsa ya miƙa sauran. Duk abin da aka yanka na inshora da fansho da sunan wani yake tafiya. Ranar da mutum ya faɗo daga bene a wurin gini, sunan da ke cikin rajista ba nasa ba ne. Idan kuma asiri ya tonu, zancen takardar bogi yana iya ɓata neman da yake yi ta hanyar halal. Kayan aro ba ya rufe katara.

Izinin aiki ba shi ne aiki ba

Ko da takarda ta fito lafiya, kasuwar aiki tana da nata sharuɗɗan. Mai digiri daga Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Dan Dicko Dankoulodo zai so ya nemi takardar kwatanta shaidar karatunsa daga cibiyar ENIC-NARIC, don mai ɗaukar aiki ya gane matakin da ya kai. Sana'o'in lafiya suna da tsari na musamman: likitan da ya yi karatu a wajen Turai sai ya bi ta jarrabawa da shekarun aiki ƙarƙashin kulawa kafin a ba shi cikakken izini. Yawancin kujerun dindindin na aikin gwamnati kuma na ƴan ƙasa ne da ƴan Tarayyar Turai. Shi ya sa za ka tarar da mai digiri na biyu yana gadi ko yana jera kaya a kanti a shekararsa ta farko. Ba abin kunya ba ne, amma gara mutum ya sani tun yana gida.

Harshe ma ya zama sharaɗi mai nauyi. Dokar shige da fice ta 26 ga Janairun 2024 ta ɗaga matakin Faransancin da ake nema: A2 don katin shekaru, B1 don katin shekara 10, B2 don zama ɗan ƙasa, ga kuma jarrabawar sanin ƙasa. Ga wanda ya gama lise wannan ba wani abu ba ne. Ga yarinyar da aka cire daga makaranta a aji huɗu aka aurar, wannan katanga ce. Watannin da amarya ke zaune gidan iyaye tana jiran biza, da ta yi su a ajin koyon Faransanci da sun fi mata amfani fiye da ɗinkunan da za a cika akwati da su.

Abin da muke kira a yi

Ga matasa, maza da mata: kafin a sa rana, ku tambayi wanda zai kai ku wace takarda yake riƙe da ita, yaushe za ta ƙare, ta wace hanya zai nema muku, kuma ku ga takardar da idonku. Ku karanta sharuɗɗan a shafukan hukuma na intanet, domin dokokin nan suna sauyawa, kuma abin da ya yi wa wani aiki shekara 5 da suka wuce ba lallai ya yi muku ba. Idan kun isa, fasfonku da katinku su zauna a hannunku, ku ɗauki hotonsu ku ajiye a wani wuri, ku buɗe asusun banki da sunanku, ku adana kowace takardar albashi da ta haya mai ɗauke da sunayenku biyu. Su ne shaidarku ranar sabuntawa, su ne kuma madogararku idan abubuwa suka juya.

Ga iyaye: binciken da ake yi a kan asali da hali da sana'ar mai neman aure, a ƙara masa binciken takarda. Wanda ya ji haushi don an tambaye shi matsayin zamansa a ƙasar da zai kai ƴarku, ya riga ya ba ku amsa.

Ga limamai da masu unguwanni: ku riƙa tura ma'aurata su yi rajistar aure a ma'aikatar magajin gari cikin wa'adi. Amfanin takardar bai tsaya ga masu fita waje ba, tana kare mace da ƴaƴanta a maganar gado da sauran haƙƙoƙi a nan gida.

Ga hukumomi: a sauƙaƙa gyaran kurakuran takardun haihuwa da na aure, a kuma sa ofisoshin jakadancinmu su tanadi wanda zai saurari ƴan ƙasar da aka karɓe wa fasfo ko aka kora daga gida. Ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna waje, waɗanda suka iya haɗa kuɗin kai gawa gida cikin kwana biyu, za su iya ware mutum biyu ko uku da suka san doka su riƙa tarbar sababbin zuwa da bayani cikin Hausa da Zabarmanci.

Ba mu ce kada a yi aure da na waje ba, ba mu kuma ce kada a fita biɗa ba. Mutanen wannan ƙasa sun saba da tafiya tun zamanin fatake, kuma akwai gidaje masu yawa da irin wannan aure ya rufa wa asiri. Abin da muke cewa shi ne a yi tambayar takarda tun ana zaune a kan tabarma, lokacin da amsar za ta iya sauya shawara. Matambayi ba ya ɓata.